Tafkin da Tauraronmu Ya Gano

Ko da zan manta da ranar ɗaurin aurena, ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamitin kasafin kuɗi ya zo rufe tashar nan tamu ba. Ku sababbin ɗauka, da kuka zo kuka tarar fanka tana juyawa, firiji yana sanyi, ku gyara zama ku ji. Mu tara ne a tashar a lokacin, kuma saura ƙiris dukkanmu mu koma gida mu riƙa kallon sama kyauta, ba albashi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Ɗanlami, direba, mataki na biyar. Na daɗe a matakin nan har ya san warin gumina.

Bari in fara yi muku bayanin gidan da kuka shigo, don na lura wasunku har yanzu ba su san gabas da yamma ba. Hukumarmu ta sararin samaniya tana da sunan takarda mai tsawo, wanda in ka fara faɗar sa da azahar a watan azumi, kafin ka ƙarasa an sha ruwa. Mutanen Kura dai ba sa wahalar da kansu, Ofishin Sama suke ce mana. Sashe uku gare ta. Na farko su ne masu kula da tauraron ɗan'adam ɗin kansa, manya masu fararen riguna, ba sa gaisawa da kowa sai kwamfuta. Na biyu su ne masu karɓar hotunan da tauraron yake ɗauka, su fassara su, su ce nan gona ce, nan ruwa ne, nan gari ne. Su ma suna hedikwata, cikin sanyi. Na uku mu ne, masu taka ƙasa. In hoto ya ce ga shinkafa a wuri kaza, sai mu shiga mota mu je mu duba. In shinkafa ce mu rubuta, in albasa ce mu ce musu tauraro ya yi gyangyaɗi. Da wannan aikin ne gwamnati take sanin abin da aka noma a noman rani, da inda ruwan kanal yake kaiwa da inda ba ya kaiwa.

Kuɗin hukuma kuma aljihu biyu ne. Akwai aljihun albashi, shi ko ana ha-maza-ha-mata yana zuwa. Akwai aljihun ayyuka, wanda daga cikinsa ake sayen mai da taya da batir da duk abin da zai sa mu fita fili. Shi wannan kashi-kashi ake sakin sa, bayan wata uku-uku. Zai taso daga ma'aikatar kuɗi ya sauka a hedikwata, daga nan ya shiga sashe, daga sashe ya gangaro ofishin shiyya, sannan ya zo mana. Duk wanda ya taɓa noma a bakin kanal ya san yadda abin yake. Gonar da take kusa da bakin ruwa ta sha ta ƙoshi, ta ƙarshen layi sai dai ta ji labari. To mu ne ƙarshen layi. Takardar da muka rubuta kuwa, ta wannan hanyar dai take bi, amma hawa take yi, kuma kun san ruwa ba ya hawa tudu.

A shekarar da nake ba ku labari, sai aka ce kuɗi sun yi ƙaranci, kowace hukuma ta rage ƙiba. Daidai lokacin kuma sashe na biyu ya samu wata sabuwar manhaja, wadda take karanta hoton tauraro da kanta ba sai mutum ya zauna yana ƙura ido ba. Sai suka kai shawara sama cewa a rufe tashoshin fili, a mayar da kuɗinsu ga kwamfuta. Aka naɗa kwamiti ya zagaya ya gani da idonsa, kuma da tasharmu aka fara.

Sun iso ranar Litinin da la'asar. Shugaban kwamitin Alhaji Mamman ne, tsohon babban sakatare, dattijo mai farin gemu, wanda in ya kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi tun kana firamare. Akwai wasu mambobi biyu, amma su ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba, don ni dai sau ɗaya tak na taɓa ganin idonsu a buɗe. Sai Dakta Kabiru daga sashe na biyu, matashi mai ilimi, shi ne uban manhajar, shi aka haɗo su da shi ya yi musu bayani.

A ɗakin taron nan aka zauna, ni ina bakin ƙofa. Dakta ya haska taswira a bango. Can tsakanin Kura da Bunkure sai ga wani abu shuɗi shar, kamar an ɗiga shuni a farin ƙyalle.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ruwa ne. Tun farkon rani yake fitowa a kowane hoto. Ko dai kanal ya fashe, ko wasu suna satar ruwa, har ya taru ya zama tafki. Kwamfuta ta gano shi daga hedikwata. Tashar da take maƙwabtaka da shi kuwa ko layi ɗaya ba ta rubuto a kansa ba."

Alhaji Mamman ya sauke tabarau ya dubi shugabar tasharmu, Injiniya Rabi. Kun san ta, 'yar ƙaramar mace ce, amma babu kunyar gona a yankin nan da ba ta taka ba. Makiyaya ma ita suke tambaya hanya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na san wurin nan. Fili ne da mata suke shanyar shinkafa. Babu ruwa a wurin."

Dakta ya yi murmushi, ba na raini ba, irin na wanda ya riga ya shirya amsa. Ya ce, "Hajiya, ai kwamfuta ta san shanyar shinkafa. Dubi nan, bayan injinan Kura. Ga shanya nan, launin ƙasa ta fito, kuma ta gane ta. Wancan kuwa shuɗi ne. Shinkafar wane gari ce shuɗiya?"

Gaskiya kuwa ya faɗa. Alhaji ya rubuta wani abu a littafinsa, ni kuwa daga bakin ƙofa na ji ƙarar bironsa kamar ana wasa wuƙa. Ya ce gobe da safe za su duba fayil-fayil a tasha, su ci abinci, da ƙarfe biyu na rana a je a ga tafki. Dakta har ya ce ya taho da rigar nan mai hana nutsewa, ko da za a shiga kwalekwale.

Da na kai su masauki a Kano na dawo, sai na tarar da Injiniya ta zuba wa taswirar ido ta yi tagumi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, filin nan ba na su Inna Talatu ba ne?"

Inna Talatu gwaggon matata ce, ita ce shugabar ƙungiyar mata masu turara shinkafa a wajen. Ina yawan biyawa ta wurinta da safe don in gaishe ta, ita kuma tana cewa ƙamshin ɗumame ne yake kawo ni.

Injiniya ta ce, "Shi ne. Na sha zuwa, kullum shinkafa nake tararwa a baje."

Na ce, "Da wane lokaci kike zuwa?"

"Bayan azahar, in mun gama zagayen kanal."

"To ni da hantsi nake zuwa, kuma ban taɓa tarar da ƙwaya ɗaya a ƙasa ba. Tamfol ne kawai a shimfiɗe, fili guda, shuɗaye. Shinkafar tana cikin duro a kan wuta."

Ta ɗago kai a hankali. Ta ce, "Malam Ɗanlami, ka san ƙarfe nawa tauraronmu yake wucewa ta kan yankin nan?"

Na ce ni ko lokacin da matata take fita unguwa ban riƙe ba.

Ta ce, "Wajen ƙarfe goma na safe. Duk sanda zai wuce, a wannan lokacin yake wucewa. Haka aka tsara shi, don hasken hotunan ya zo iri ɗaya."

Kun ji fa. Ni na san tamfol, ita ta san agogon tauraro. Tauraron nan, bawan Allah, tun farkon rani yake zuwa a kan kari, ya fi ladanin unguwarmu kiyaye lokaci, amma bai taɓa tarar da abinci a kan faranti ba.

Nan take ta kira Alhaji Mamman a waya, ta roƙe shi a mayar da ziyarar safe. Ya ce a'a. Ya ce shi a aikinsa bai taɓa canza jadawali don wanda ake bincika ya nema ba. Kuma kada ku ga laifinsa, ƙa'ida ce. Amma matsalar ita ce, in aka je da ƙarfe biyu, shinkafa za a tarar, babu shuɗi ko na magani. Dakta zai iya cewa ruwan da safe yake kwararowa ya tsotse kafin rana, ko wani ya ce mun sa an toshe ɓarakar don mu rufa wa kanmu asiri. Rahoto zai tafi a yadda yake, tasha ta tafi da shi.

Ta dube ni, don ta san halina. Ta ce, "Malam Ɗanlami, kada ka yi abin da zai jawo maka takardar tuhuma."

Na ce, "Ranki ya daɗe, mutumin da yake mataki na biyar, in an rage masa girma ina za a kai shi? Sai dai a haƙa rami."

Washegari na ɗauko su daga masauki da ƙarfe tara. Muka wuce Kumbotso, muka miƙa titin Zariya. Mambobin nan biyu suka ci gaba da aikin da suka saba. Da muka zo mahaɗar da ake karyawa a shigo tasha, sai na taka mai na wuce abina.

Dakta ya ce, "Direba, ba nan muka bi jiya ba?"

Na ce, "Yallaɓai, wata tirelar tumatir ce ta kife a hanyar. Duk titin ya zama miya. Sai mun zagaya."

Alhaji Mamman yana gidan gaba kusa da ni. Bai ko juyo ba ya ce, "Malam direba, na yi aiki da direbobi tun ba a haife ka ba. In direba ya ce mota ta kife a gaba, to a cikinsa ne wani abu ya kife. Ina za ka kai mu?"

Jama'a, gumi ya karyo mini har cikin takalmi. Na ga ƙarya ba za ta kai ni Bunkure ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, tafki zan kai ku. Ba Injiniya ce ta sa ni ba, ita hana ni ma ta yi. Tafkin nan yana da lokacin tashi daga aiki, in muka bari sai ƙarfe biyu ba za mu same shi ba. In muka je ba ku ga abin da ya isa gani ba, ni za ku fara kora kafin ku rufe tasha."

Nan take na fara tunanin sana'ar da zan koma. Can sai ya ce, "Wanda ake bincika ne ba ya canza mini jadawali. Direba kuwa kullum yana canza shi, ko na so ko ban so ba. Mu je."

Muka sauka daga kwalta muka hau hanyar bakin kanal. Kun san ta, in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta yi wa ɗaya addu'a. Ga wani A Daidaita Sahu a gabana, an loda masa albasa har ba a ganin direban, yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Da ƙyar na samu na wuce shi, sai ga garken shanu suna tsallakawa zuwa mashaya. Na rantse muku shanun nan sun fi mutanen da ke kasuwar Kura yawa, kuma kowace sai ta tsaya ta leƙa motar ta gaida kwamiti. Ina kallon agogo, goma ta gota. Na san ana gab da sauke duro.

Muna shan kwanar ƙarshe sai ga shi. Wallahi ni da na san sirrin, sai da na ji kamar in naɗe ƙafar wando. Fili fetal, shuɗi, yana ƙyalli a rana, iska tana kaɗa shi yana 'yar rawa kamar igiyar ruwa.

Dakta ya daki kujera. "Ga shi nan! Ranka ya daɗe, ga shi nan!" Kafin in ja birki har ya zura rigar hana nutsewa ya ɗaure igiyoyinta.

Muka fito. Da muka matsa kusa sai tafiyarsa ta fara sanyi. Tamfol ne, ɗaya na bin ɗaya, an danne gefunansu da duwatsu. Daga can gefe hayaƙi yana tashi, mata sun fi a ƙirga, kowace tana gaban duronta. Alhaji ya ɗaga ƙafa zai taka, sai wata murya ta daka masa tsawa daga nesa.

"Kai, Alhaji! Cire takalmi, abincin mutane ake zubawa a kai!"

Inna Talatu ce, ta taho da muciya a hannu. Mutumin da manyan daraktoci suke miƙewa in ya shigo, sai ga shi ya sunkuya ya cire takalmi ba musu. Dakta ma ya cire. Suka taka har tsakiyar filin da safa. Dakta yana riƙe da na'urarsa mai nuna inda mutum yake a taswira.

Alhaji ya ce, "Dakta, yanzu muna ina?"

Ya dubi na'ura, ya dubi ƙafarsa. Ya ce, "Muna tsakiyar tafkin, ranka ya daɗe."

"To Allah ya sa ka iya iyo."

Inna ta ƙaraso ta dube ni. "Ɗanlami sarkin surutu, yau kuma baƙi ka kwaso mini? Ɗumamen na mutum ɗaya ne fa."

Na gabatar da su. Alhaji ya gaishe ta da girmamawa, ya tambaye ta me ya sa ake barin tamfol a shimfiɗe babu komai a kai.

Ta ce, "Alhaji, ai sai ya sha rana tukuna. Tun asuba muke ɗora duro. In ka kwaso shinkafa da zafinta ka zuba a kan tamfol mai raɓa, sai ta yi gumi ta yi wari, in an kai inji ta kakkarye, ɗan kasuwa ya raina maka ita. Shi ya sa muke shimfiɗawa da wuri, mu share, mu bar shi ya ɗau zafi. In hantsi ya ɗaga sosai sannan mu zuba."

Dakta ya ce, "Inna, amma bara babu wannan a hoto."

"Bara da buhuna muke yi, ɗan nan, mu farke mu ɗinke. Bana ne ƙungiya ta haɗa hannu muka sayo waɗannan a tare. Mai shagon iri ɗaya gare shi." Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Wai wannan rigar ta mene ce? Sanyi kake ji?"

Ban yi dariya ba. Allah shaida ne, tari ne ya kama ni.

Muna nan tsaye aka fara sauke duro. Mata suka riƙa kwasowa a kwando suna zubawa, wasu suna bazawa da katako. A gaban idon kwamiti tafki ya riƙa ƙafewa daga wannan gefe zuwa wancan, har ya koma launin ƙasa gaba ɗaya. Hatta mambobin nan biyu sun farka sun gani ta tagar mota.

A nan ne na san Dakta Kabiru mutumin kirki ne. Bai nemi hanyar gudu ba. Ya kwance rigar ya ajiye, ya tsuguna a gaban Inna da littafi, yana tambayar ta lokacin shimfiɗa da lokacin zubawa da lokacin kwashewa. Da ya yi mata bayanin tauraron, sai ta ɗaga kai ta dubi sama, ta gyara mayafi. Ta ce, "Wato akwai mai leƙen mu ta sama ba mu sani ba? To ku gaya masa ya riƙa yin sallama."

Alhaji ya sa aka kira Injiniya, ta iso a kan babur. Dakta ya miƙe ya ba ta haƙuri a gaban kowa. Sannan ya juya ga Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutar abin da muka koya mata ta faɗa. Waɗanda za su koya mata irin wannan kuwa a nan suke, ba a hedikwata ba. Ina so a rubuta cewa ni na faɗa."

Alhaji ya tambayi Injiniya ko akwai wasu kurakurai irin wannan. Ta ce akwai. Rumfunan ajiye albasa manhajar tana ƙirga su a matsayin gidaje, har ta kafa sabon ƙauye a inda babu ko akuya. Ta ce ta rubuta a kai tuntuni. Dakta ya ce shi bai taɓa ganin takardar ba. Da aka bincika, tana nan a ofishin shiyya tana jiran sa hannun wani da ya tafi kwas.

Bayan wata biyu rahoto ya fito. Ba a rufe tasharmu ba, ba a rufe 'yan'uwanta ba. Aka ba tashoshin fili nasu layin a kasafi, kuɗin aikinsu yana zuwa kai tsaye daga hedikwata. Aka kuma ce duk abin da muka gani a fili mu tura wa sashe na biyu a ranar, ba sai ya kwana a teburin kowa ba. Ni kuwa takardar tuhumata ta zo daga ofishin shiyya, wai in yi bayanin dalilin da ya sa na kauce wa hanyar da aka amince. Na amsa a layi ɗaya, na ce tafki na je ceto kafin ya ƙafe. Har yau ba su dawo mini da amsa ba.

To ku ji abin da na koya, ku da kuka zo da digiri-digiri. Ina alfahari da hukumar nan, kuma duk wanda ya ce ƙasarmu ba ta isa ta mallaki tauraro ba, ya zo ya same ni a gareji. Masu fararen riguna sun san aikinsu, masu kwamfuta ma sun san nasu, kuma na ga babban mai ilimi ya tsuguna a gaban tsohuwa yana ɗaukar darasi, ban ga ya ragu da komai ba. Amma kowane aiki a ƙasar nan yana da lokacinsa da dalilinsa, kuma dalilin yana bakin masu yin sa. Don haka in an tura ku fili, kada ku tsaya daga cikin mota ku ɗau hoto ku juyo. Ku sauka, ku yi sallama, ku gaida mutane, ku tambaye su me suke yi, da wane lokaci, kuma don me. Tauraronmu yana ganin ƙasar nan kaf daga inda yake, amma tun da aka harba shi bai taɓa yi wa kowa tambaya ba. Wannan aikin ku aka ɗauka ku yi masa.